Saint Bernard ko Margherita? Ga inda zan ce ka kwana

Ƙanina, tunda dare ɗaya gare ka a tsaunukan Alps, ka bar bukkar Margherita, masaukin masu hawan dutse da ke kan dutsen Monte Rosa, ka tafi masaukin Grand Saint Bernard kawai.

A watan Satumba na kwana can. Daga ƙauyen Bourg-Saint-Pierre na Suwizalan na tako a ƙasa, hazo ya rufe ni tun ban kai rabi ba, na iso jagab, yatsuna ko maɓalli ba sa iya ɓallewa. Wani dattijon fada ne ya tarbe ni. Bai tambaye ni daga ina nake ba, balle addinina, sai da ya damƙa mini kofin shayi mai zafi. Da na ce zan yi salla, ya nuna mini wani lungu mai tsabta, ya ja mini ƙofa. Aikin gidan ke nan tun wajen 1050 da wani fada mai suna Bernard ya kafa shi a mashigin da ke tsakanin Suwizalan da Italiya, a tsayin mita 2,469: tarbar matafiyin da sanyi ya galabaitar. Da safe na buɗe taga, ga ɗan tafki shiru, tsallakensa Italiya. Sai da na daɗe ina kallon siririyar hanyar, ina mamakin yadda Napoliyon ya bi ta da sojoji wajen 40,000 a watan Mayun 1800. Karnukan ceton nan da ake kira Saint Bernard, irin su shahararren karen nan Barry, nan ne gidansu. Tun 2005 wata gidauniya a garin Martigny na Suwizalan ke kiwonsu, amma lokacin zafi ana hawo da wasu, za ka gan su.

Margherita kuwa, ban hana ta tarihinta ba. A 1893 aka buɗe ta, Sarauniya Margherita ta Italiya da kanta ta hau, kuma a mita 4,554 babu ginin da ya fi ta bisa a Turai. Sai dai ginin 1980 za ka tarar, tsohon an rushe shi. Na biya ja-gora, na yi hayar takalmin ƙanƙara, abin da na samo shi ne ciwon kai da amai har asuba, don jikina bai saba da ƙarancin iskar wurin ba.

Ka yi hattara da 'yan tsakiya a intanet masu cewa sun riƙe maka gado. Su karɓi kuɗinka, ka je ka tarar ba sunanka. Ka kira masaukin da kanka. Wanda kuma ya ce shi ja-gora ne zai ratsa da kai kan ƙanƙara a farashi mai araha, ya nuna maka katinsa na UIAGM, wato ƙungiyar ja-gororin hawan dutse ta duniya, tukuna.

Ka je tsakanin Yuni da farkon Oktoba, kafin dusar ƙanƙara ta rufe titin. Ka riƙe zanen kwanciyarka, kuma tun a waya ka gaya musu ba ka cin naman alade.