RedM ko FiveM ga mai son fitowa a mugu

Ɗan'uwa, tunda kuɗin wasa ɗaya gare ka kuma ɓangaren 'yan fashi kake son takawa, sayi Red Dead Redemption 2 ka shiga RedM. GTA V da FiveM su jira tukuna. RedM da FiveM manhajoji ne da ake ɗorawa a kan waɗannan wasanni biyu don shiga sabobi, wato dandalin intanet inda kowane ɗan wasa yake fitowa a wani mutum cikin labari, kamar a wasan kwaikwayo.

Duk biyun ina da su. RedM Amurka ce ta 1899: babu mota, babu wayar hannu, saƙo sai ta tangaraho, tafiya kuwa a kan doki. Wannan jinkirin shi ke ba mugu damar ƙulla makirci. A sabar da nake, na fito a mai ba da bashi da ruwa a garin Valentine. Wani da ya fito a likita ya ci bashi a hannuna don ya buɗe ɗakin shan magani. Ko sau ɗaya ban zare masa bindiga ba. Sai dai in aika masa tangaraho cikin ladabi, in tsaya a ƙofarsa ina yi wa marasa lafiya sannu, in tura yarana su ɗauki kaya su ƙi biya. Da tura ta kai bango ya kai ƙara wurin sherif, aka yi ta tara shaidu, aka tare ni a hanyar Rhodes, aka gurfanar da ni a Saint Denis kotu cike da jama'a. An ɗaure ni. Bayan an tashi, likitan ya rubuto mini a Discord, manhajar hirar 'yan wasa, yana godiya, ya ce bai taɓa jin daɗin wasa haka ba. Wallahi har yau ina jin daɗin wannan ɗaurin, don mugun da ba ya yarda a kayar da shi ɓata wa kowa labari yake yi.

FiveM ya fi jama'a nesa ba kusa ba, kuma bai kai RedM cin ƙarfin kwamfuta ba, wannan na ba shi. Amma a yawancin sabobin da ke buɗe ga kowa, a fasa banki ne a Los Santos, birnin cikin GTA V, 'yan sanda su biyo, a yi harbe-harbe, a sake. Fitattun sabobi irin NoPixel da kake kallo a Twitch, shafin kallon wasa kai tsaye, sai ka cike fom ɗin neman shiga ka yi ta jira.

Ko ina ka shiga, karanta dokoki kafin ka ɗauki makami. Ba a kashe mutum ba tare da dalili a cikin labarin ba. Abin da ka ji a Discord, mutumin da ka fito a shi bai san shi ba. In an ɗora maka bindiga, dole ka nuna tsoro. Kuma kafin ka yi garkuwa da wani ko ka azabtar da shi, tambaye shi a gefe ko ya yarda. Mutum ne a bayan allon, ba ka san abin da ya taɓa samunsa ba.

Ka tanadi wurin gigabait 150 da makirufo mai kyau, domin muryarka ce rabin aikin.

Sai maganar 'yan damfara, ko da yake ba ka tambaya ba. RedM da FiveM kyauta ake sauke su a wurin Cfx.re, wanda Rockstar, kamfanin da ya yi wasannin biyu, ya saya a 2023, wasan kansa kaɗai za ka biya. Saye shi a Steam, Epic Games Store ko wurin Rockstar. Masu tallar asusu da araha sukan sayar wa mutane da yawa asusu ɗaya, ko su ƙwace shi bayan ka biya. Tun 2022 dokar Rockstar ta hana sabobi sayar da kuɗin cikin wasa da kuɗin gaske, don haka duk wanda ya yi maka wannan tayin, ko ya ce zai sayar maka da shugabancin gungu, rufe shi kawai.