Laftof mai sikirin 16:10, bayan wata huɗu ina kallon fim a kanta

Bayan ƙaramar sallah na canza laftof, tsohuwar batirinta ya mutu murus sai a jikin caja take rayuwa. Na je Beirut Road a Kano na samo wata ta hannu mai inci 14, mai shagon sai yabonta yake wai sikirin ɗinta 16:10 ne, ni kuwa ko a jikina, RAM da batiri kawai nake dubawa.

Daren farko na kunna fim ɗin Indiya fassarar Hausa, sai ga baƙin layi sama da ƙasa kowanne ya kai faɗin yatsu biyu. Wallahi na ɗauka an yi min sakiyar da babu ruwa, har na ɗauko waya zan kira mutumin. Ƙanina ne ya kwashe da dariya ya ce Yaya ai ba lalacewa ba ce, tsohuwar taka ma tana yi, ba ka lura ba ne kawai.

Kuma gaskiyarsa. Lambobin nan na 16:10 ma'aunin faɗi ne da tsayin sikirin. Tsohuwata 16:9 ce wato 1920 da 1080, sabuwar 1920 da 1200, faɗinsu ɗaya amma ta fi ta tsayi da fiksel 120, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto. Finafinan silima kuwa, yawancin na Indiya da manyan na Amurka, a 2.39:1 ake ɗaukarsu, dogaye ne a kwance kamar tabarma, idan fim ya cika faɗin 1920 tsayinsa kusan 800 ne kacal. To a tsohuwar wajen 140 ke saura sama 140 ƙasa, a wannan kuma kusan 200 kowane ɓangare, kashi ɗaya cikin uku na sikirin zaune yake ba ya aikin komai. Ni dai abin ya tsaya min a rai sati guda, daga baya ido ya saba.

Bidiyon YouTube da finafinai masu dogon zango da ake yi yanzu ba matsala, yawancinsu 16:9 ne, ɗan siririn layi ne na fiksel 60 sai ka zuba ido za ka gan shi.

Inda ta burge ni shi ne tsofaffin finafinan Kannywood na zamanin kaset, waɗanda aka ɗauka a 4:3 irin na talabijin mai ƙeya. Su a gefe da gefe baƙin yake fitowa, kuma a nan hoton ya fi girma, faɗin 1600 maimakon 1440. Hajiyarmu ta zauna muka kalli ɗaya tare, ta ce yau dai tana ganin fuskokin mutane ba sai ta matso ba.

Na gwada dabarar VLC, manhajar kunna bidiyo. In ka danna A zai ja hoton ya cika sikirin amma kowa sai ya koma dogo siriri kamar sandar rake, minti biyu na yi na mayar. C kuma yanke gefe yake, baƙin ya tafi amma in mutum biyu suna magana daga nesa da juna sai ka ga rabin kafaɗar ɗaya kawai, wajen rawa ma rabin 'yan rawar sun ɓace. Na haƙura na bar shi yadda yake.

Abu ɗaya da har yanzu yake damuna, in aka ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu baƙin layin ba baƙi ƙirin ba ne, toka-toka yake yi saboda sikirin irin wanda ake kira IPS ne, fitilar bayansa tana kunne. A laftof mai sikirin OLED, wanda ba shi da fitilar baya, ɓacewa yake gaba ɗaya, sai dai kuɗinta ba na aljihuna ba ne. Rage haske nake zuwa rabi.

Wajen aiki kam ba a magana, Excel na nuna min ƙarin layuka ba sai na yi ta gangarawa ba. In kallo zalla za ka yi nemi 16:9, ta fi yawa a kasuwa ma. Ni da nake wuni kan lissafin shago sai dare nake kallo, na ba ta huɗu cikin biyar.