Karatu na ba shi wuya, ga shi yana son zama Fada: me za a fara saya masa?

Yaro ɗan shekara goma da ke karatu a gida maimakon makaranta ya ce wa iyayensa shi Fada, wato firist na Katolika, yake so ya zama. Amsoshin Mas, babbar ibadar Katolika, duk suna kansa, in yana hidima a bagade ba ya kuskure, amma a miƙa masa Zabura a ce ya karanta layi uku, sai gumi ya keto masa. Ya tsallake wannan kalma, ya canki waccan, wadda ya karanta daidai jiya yau kamar bai taɓa ganinta ba. Abin da iyaye da yawa ke fara nema a irin wannan hali shi ne manhajar Katolika mai kauri da littafin koyon Latin. A ganina sun kamo zancen ta wutsiya. Kuɗi da lokaci ba su da yawa, kuma akwai abin da ya kamata ya ci kaso mafi tsoka.

Ku fara duba inda tafiyar ta nufa. A kundin dokokin Ikkilisiya na 1983, doka ta 250 ta ce karatun falsafa da tauhidi ba zai gaza shekara shida cif ba, biyu na falsafa, huɗu na tauhidi. Tsarin horar da firistoci da fadar Fafaroma ta fitar a 2016 ya ƙara shekarar share fage a gaba, wadda ba ta gaza ɗaya ba, ba ta wuce biyu ba. Ba a naɗa firist kafin ya cika shekara 25. Bayan naɗin ma karatu ba ya ƙarewa: kullum akwai addu'o'in Mas masu canzawa, akwai Bishara da za a karanta a gaban jama'a, akwai Addu'ar Sa'o'i, wato Zabura da addu'o'in da ake karantawa a lokuta daban-daban na yini, da doka ta 276 ta ɗora wa firist kowace rana. Wanda ya taɓa jin an karanta jerin sunayen kakannin Yesu a farkon Matiyu ya san abin da nake nufi. Aiki ne na karatu a bayyane, da murya, har tsufa. Amma a cikin abubuwan da doka ta lissafa masu hana naɗi babu matsalar karatu. Bishop ne ke auna halin mutum, da hankalinsa, da lafiyarsa, da niyyarsa, kafin ya karɓe shi a babbar seminari, makarantar horar da firistoci.

Saboda haka kuɗin farko na gwaji ne. A duba ido, a duba kunne, sannan a kai shi wurin masanin da ke gwada yadda yara ke koyo. In disleksiya ce, wato lalurar da ke sa karatu ya yi wa mutum wuya, yawanci matsalar tana wajen rarrabe ƙananan sautukan da ke cikin kalma da haɗa su da haruffa. Ba daƙiƙanci ba ne, ba kuma lalaci ba. Gwaje-gwajen kyauta na intanet suna iya nuna alama, iyakarsu ke nan. Rubutaccen rahoton ƙwararre shi ne takardar da za ta yi aiki nan gaba, ranar da za a nemi ƙarin lokaci a jarrabawa, ko a nemi seminari ta yarda ya amsa wasu tambayoyi da baki.

Daga nan sai babban cinikin, wato abin da zai koya masa karatun kansa. Kusan duk manhajojin da ake yabo suna bin hanyar da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka a shekarun 1930: a koyar da sauti da harafi ɗaya bayan ɗaya, a fili, da ido da kunne da hannu, ba a wucewa gaba sai na baya ya zauna. Ga mai koyo da Ingilishi, guda uku sun fi yawo a bakin iyaye.

All About Reading ita ce mafi sauƙin ɗauka. Matakai huɗu ne bayan na share fage, darasi gajere ne, kamar minti ashirin a rana, akwai 'yan allunan haruffa da yaro ke turawa da yatsa, kuma ta raba karatu da rubutun kalmomi, kowanne da nasa littafin. Ga yaro ƙarami mai matsala daidai gwargwado ta wadatar. Inda take gazawa shi ne in matsalar ta yi tsanani, domin takunta na iya yi masa sauri. Ga ɗan shekara goma sha uku kuma hotunan da wasannin kan zama abin kunya, yaron da ya ji an mai da shi jariri kuwa ba zai zauna ba.

Barton matakai goma ce, an kuma gina ta musamman don iyayen da ba su taɓa koyar da irin wannan ba. Duk abin da za ku faɗa an rubuta, ga bidiyon horo tare da kowane mataki. Tana da gwajin farko na kyauta da ke nuna ko yaro yana iya rarrabe sautuka yadda zai amfana da ita. In bai ci ba, sai an fara da aikin sauti tukuna. Ba ta da ado, ba ta da daɗi, tana cin shekaru, kuma matakai goma ba ƙaramin kuɗi ba ne, ko da yake ɗaya bayan ɗaya ake saye. Amma in uwa ko uba ne zai koyar, kuma matsalar ta tabbata, ita zan zaɓa.

Wilson, mai matakai goma sha biyu, ta dace da manyan yara har da baligai, sai dai ta fi kyau a hannun malamin da aka horar a kanta. Wato in kun zaɓe ta, malami kuka saya, ba akwatin littattafai ba. Wannan kuwa ba aibu ba ne. Akwai gidan da darasin karatu ya riga ya zama fagen hawaye tsakanin uwa da ɗa. A irin wannan gida malami daga waje, ido da ido ko ta intanet, sau biyu ko uku a mako, ya fi kowace manhaja arha in an lissafa zaman lafiyar da aka ceto. Ku tambaye shi wace hanya yake bi, ina ya samu horo, kuma ta yaya zai nuna muku ci gaba bayan wata uku. In ya ce kowace hanya yana taɓawa kaɗan-kaɗan, ku nemi wani.

In yaron da wani harshe yake karatu, ƙa'idar ba ta canzawa, kayan ne ke canzawa. A harsunan da ake rubutawa yadda ake furtawa, kamar Italiyanci, matsalar ta fi fitowa a matsayin jinkiri, ba yawan kuskure ba, don haka aikin ya fi karkata ga maimaita karatu da murya har harshe ya saki.

Akwai kuma abin da ba zan kashe wa ko sisi ba: tabarau masu launi, ledar launi da ake ɗorawa kan shafi, da atisayen ido da aka ce yana warkar da disleksiya. A 2009 ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa babu hujjar kimiyya a kan waɗannan. Salon haruffa na musamman da ake tallatawa ma bincike bai nuna yana ƙara saurin karatu ba. In kyauta ne kuma yaro yana so, babu laifi. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai yanzu muka zo kan manhajar Katolika. Seton, da ke jihar Virginia, ita ce mafi tsari da mafi nauyi: littattafanta cike suke da addini tun daga lissafi har nahawu, ana aika aiki a duba a ba da maki, kuma akwai rubutu da karatu da yawa. Yaro mai disleksiya zai nutse a cikinta in an bi ta yadda take, sai dai tana da sashe na musamman da ke daidaita darussa ga irin waɗannan yara, kuma da shi ya kamata a yi magana kafin a biya. Kolbe, da aka kafa a California a 1980, tana bin tsohon tsarin manyan littattafai da Latin, amma tana barin iyaye su sauya abin da bai dace da ɗansu ba, abin da ke ba ku damar cire darasin karatunta ku saka Barton a gurbinsa. Mother of Divine Grace kuwa tana haɗa kowane gida da mai ba da shawara, kuma a shekarun farko tana dogara sosai ga hadda da sa yaro ya maimaita labari da bakinsa. Ga yaron da kunnensa ya fi idonsa kaifi, wannan ta fi kusa da halittarsa.

Amfanin ukun nan da ba ya bayyana a hoton talla shi ne takardar sakamako daga makarantar da hukumar tantancewa ta amince da ita. Iyayen da suka tsinto littafi nan, littafi can, za su rage kashe kuɗi, za su kuma ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa, amma ajiye bayanan abin da aka karanta kowace shekara ya koma wuyansu. Doka ta 234 ta ce mai neman zama firist ya samu irin ilimin da samarin ƙasarsa ke samu kafin shiga babbar makaranta. Wato duk jarrabawar da ake nema don shiga jami'a a inda kuke, ku ɗauka za a nema. Dokar ƙasa ma a duba: Jamus ta hana karatun gida, Faransa kuma tun 2022 sai da izini.

Kada a bar iliminsa ya tsaya yana jiran idonsa. Yaron da ke karanta abin 'yan shekara bakwai yana iya fahimtar abin 'yan shekara goma sha biyu in an karanta masa. Littafi Mai Tsarki na sauti, tarihin waliyyai, katikizim, duk ta kunne za su shiga. Learning Ally da Bookshare suna da ɗimbin littattafai ga masu matsalar karatu, amma suna neman shaidar ƙwararre, kun ga inda rahoton nan ya sake amfani. Manhajojin waya irin su iBreviary da Universalis suna ɗauke da Addu'ar Sa'o'i da karatun Mas na kowace rana. Dabarar da na fi so ba ta cin kuɗi: ya saurari karatun Lahadi tun ranar Laraba yana bin rubutun da yatsa, sannan ya karanta wa gida da murya ranar Asabar. Karatun Lahadi shekara uku yake zagayowa, Zabura a Addu'ar Sa'o'i mako huɗu. Abin da ke dawowa haka, sannu a hankali kai yana riƙe shi.

Latin fa? Doka ta 249 tana so ɗaliban seminari su iya shi, amma a seminari ake koyarwa, ba a ce yaro ya iso da shi ba. Furucinsa ma ya fi na Ingilishi sauƙi, domin abin da aka rubuta shi ake faɗa. Wahalar tana ga ƙarshen kalmomi masu canzawa, irin ƙananan bambance-bambancen da idon mai disleksiya ke tsallakewa. Ku fara da kunne: Ubanmu, A gaishe ki Maryamu, waƙoƙin Mas. Littafin nahawu ya jira har karatun harshen farko ya miƙe.

A nan ne ake kawo labarin Waliyyi Yohanna Vianney, wanda Latin ya kayar a seminarin Lyon, aka sallame shi, amma aka naɗa shi a 1815 yana da shekara 29, ya kuma zama majiɓincin firistocin majami'u. Labarin gaskiya ne, sai dai ana yawan mance rabinsa. Juyin juya halin Faransa ya sa ya makara a makaranta, kuma abin da ya fitar da shi shi ne Fada Balley, wanda ya zaunar da shi a gidansa ya koya masa shi kaɗai, ya kuma tsaya masa a gaban manya. Solanus Casey ma a Amurka an naɗa shi a 1904, amma saboda raunin karatunsa ba a ba shi izinin jin furcin zunubi ko yin cikakken wa'azi ba. Waɗannan labarai suna ƙarfafa zuciyar yaro, amma kada iyaye su mai da su hujjar rage darasin yau.

Ƙaramar seminari ko ci gaba a gida? Ba dole ba ne a bi ta ƙaramar seminari kafin a shiga babba. Tana ba da abokai masu buri ɗaya da tsarin addu'a, abubuwan da gida ba ya iya bayarwa cikin sauƙi, amma aji ne mai gudu da jarrabawa a rubuce, kuma ba kowacce ke da malamin da ya san disleksiya ba. In yaro bai kai ga karanta shafi guda shi kaɗai ya fahimta ba, ni zan bar shi a gida, ya ci gaba da hidimar bagade da zuwa tarurrukan samari masu tunanin kira, wato kiran Allah zuwa aikin firist. Ƙungiyoyin sufaye ma ba iri ɗaya ba ne: wasu karatunsu ya fi na firistocin dayosis (yankin da Bishop ke kula da shi) tsawo, wasu kuma suna karɓar 'yan'uwa maza da ba za a naɗa su firistoci ba. Doka ta 1026 ta haramta tilasta wa kowa karɓar naɗi ta kowace hanya, kuma tilas na iya zuwa da murmushi, a gidan da tun yana ɗan goma ake kiransa Fada. Duk abin da na ce a saya a sama zai amfane shi ko da ya girma ya ce aure yake so.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yana shiga shekarun sakandare, ku nemi ganin Fadan da ke kula da masu kira a dayosis ɗinku, ku tafi da rahoton gwajin da bayanan karatunsa. Ku tambaya wace takarda suke karɓa daga ɗan karatun gida, ko seminarin da suke turawa tana ba da ƙarin lokaci da izinin amfani da kwamfuta mai karanta rubutu, kuma ko sun taɓa samun ɗalibi irinsa. In an zo tambayar me ya sa yake son wannan hanya, ku yi shiru, shi ya amsa.