Sharhi Kan Wani Dandalin Sayayya na Intanet

Na shafe watanni ina sayayya a wani dandalin intanet wanda, kamar eBay da aka kafa a 1995, dillali ne kawai tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba mai kaya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake riƙe kuɗin mai saye har sai kaya sun iso hannunsa, sannan ya sakar wa ɗan kasuwa. Sai dai hotunan kan yaudari ido, domin jakar da na saya ta zo da karyayyen zif, launinta ma ya koɗe, kuma sai da na yi ta bibiya kafin aka mayar mini da kuɗina.