Sharhi kan ɗan allon da ke haɗa GRBL da VFD

Duk mai sassaƙa ƙofofi ko allunan suna da injin CNC (injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa) ya san takaicin zuwa gaban VFD, na'urar da ke saita gudun motar injin, yana murɗa maɓalli duk sanda ya canza bakin yanka. Shi ya sa na sayi wannan ɗan allo mai mayar da siginar PWM (wuta mai kunnuwa da kashewa da sauri) zuwa wutar 0 zuwa 10V da VFD ke karɓa, don kwamfuta ta riƙa tayar da sifindil, wato motar da ke juya bakin yanka, tana saita gudunsa da kanta. Ko sunan kamfani babu a jikinsa, irin masu arahar nan ne na intanet.

GRBL 1.1, manhajar da ke sarrafa injin CNC, nake amfani da ita a kan ƙaramar kwantirola Arduino Uno, sai VFD ƙirar Huanyang mai 2.2kW da sifindil mai sanyaya da ruwa, wanda ke juyi 24000 a minti idan an kai shi 400Hz. Haɗin ba wuya. PWM na fitowa ta fil na 11 na Arduino ya shiga allon, abin da allon ya fitar ya tafi tashar VI ta VFD, wayar ƙasansa (GND) ta tafi tashar ACM. Kunnawa kuwa aikin rile ne, wato makunnin da sigina ke sarrafawa, shi ke haɗe tashoshin FOR da DCM na VFD. A saitunan VFD ɗin na sa PD001 da PD002 a 1, PD070 a 0, PD072 a 400, na mayar da ɗan jamfan cikin VFD, wato ɗan mahaɗin da ke zaɓar VI ko VR, ɓangaren VI. Wanda ya bar shi a VR zai wuni yana zargin waya alhali lafiyarta ƙalau. A GRBL kuma saitin $30, wato iyakar gudun sifindil, ya zama 24000.

Aiki dai yana yi. Ka tura umarnin M3 S18000 (kunna a juyi 18000), sifindil ya tashi, ka tura M5 ya tsaya.

Inda allon ya gaza shi ne daidaito. Akwai ɗan sukurun saiti a kansa; na sa mita, na murɗa har 10V ta fito cif a S24000, amma da na sauko S8000 sai lambar fuskar VFD ta kauce, tana ɗan rawa sama da ƙasa. Ka gyara ƙasa, sama ta goce. Katako bai damu da wannan ba, alminiyom ne ke nunawa a gefen yankan. Ga kuma hayaniyar wutar VFD da allon ke kwasa: sai da na sa waya mai garkuwa, na raba hanyarta da ta sifindil, sannan rawar ta lafa. Na kuma sa PD011 a 100, wato juyi 6000, domin ƙasa da haka irin wannan sifindil ba shi da ƙarfin kirki.

Ga mai katako da MDF, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Mai son lamba cif ya nemi kwantirola mai FluidNC, wata manhaja irin GRBL, ya bi ta RS485, hanyar aika saƙon dijital, zuwa tashoshin RS+ da RS- na VFD, waya biyu kacal, babu rile babu sukurun saiti.