Bargon atamfa mai auduga da na ba da ɗinki: bai tsuke ba, amma da sauran magana

Masu tambayata wa ya ɗinka bargon da ke kan gadon amaryarmu, ga amsa gaba ɗaya in huta. Wata maɗinkiya ce a unguwar Zariya nan Maradi, waɗanda suka san ta sun san ta. Ragowar atamfofi na kai mata, na salla da na anko da suka taru mini a akwati, na ce ta harhaɗa su ta sa auduga a tsakiya, a bayan kuma farin yadi. Audugar irin ta naɗi ce da ake shigowa da ita daga Kano ta Jibiya, auduga zalla, ba ta roba ba. Ta roba ba ta tsukewa, gaskiya ne, amma zufa take sa ni ko da tsakiyar hunturu.

Da biki ya matso na hau kabu-kabu na je in ga inda aka kai. Ko allura ba ta taɓa kayana ba. Audugar da na saya da kuɗina na shimfiɗe a kan tabarma ƙarƙashin rumfa, jiƙe sharaf. Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Haba Hajiya, wa ya ce ki wanke mini sabuwar auduga?"

Ta ce, "Maman amarya, ba wanki ba ne, jiƙo ne. In ban jiƙa ta yau ba, ranar da ƴarki ta wanke bargon za ta tsuke ta ja atamfar ta tafi da ita."

Ta zaunar da ni ta yi mini lissafi. Auduga zalla, in ta sha ruwan farko, tana raguwa da kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A bargon mita 2, wannan zai iya kai santimita 10, kuma ba a tsawo kaɗai ba, har a faɗi. Ta nuna mini yadda take yi: ruwa mai ɗumi a babban daro, ta ninke audugar ta nutsa ta, ta bar ta kamar minti 20. Ba cuɗa, ba murɗa, don jiƙaƙƙiyar auduga ko ɗaga ta ka yi ta gefe ɗaya sai ta yage. Da tafin hannu take danna ruwan ya fita, ta naɗe ta cikin tawul ta sake dannawa, sannan ta kwantar da ita ta bushe. Igiyar shanya kuwa ta ce haram, nauyin ruwan zai ja ta ta yi sirara a tsakiya. Na koma gida ina gunguni, don a ganina jinkiri ne kawai aka yi wa ado.

To, ƙurar hunturu ta yi aikinta, amarya ta wanke bargo. Na je da kaina na gani. Yana nan yadda yake, ya rufe katifa har ya sauko gefe, murabba'an atamfar a kwance lafiya lau. Ƙanwar maigidana ta sayi nata ɗinkakke a babbar kasuwa a kusan lokaci guda, shi ma auduga ce a ciki. Wanki ɗaya ya yamutse, kowane gida na ɗinkin ya kumbura kamar lifidin dokin hawan salla, ƙafar mijinta a waje take kwana. An ce a ƙasashen Turawa akwai masu son wannan yamutsewar da gangan, wai ta fi kama da kayan kaka. Su suka jiyo. Ni a ɗakin amarya ba na son ta. A nan dai na sara wa maɗinkiyar nan, ta san auduga.

Amma da na juya bayan bargon, sai murnata ta koma ciki. Wadda ta zauna tana mini karatun jiƙo, ashe atamfar ba ta sa ta a ruwa ba. Ragowar yadi ne da ba a taɓa wankewa ba, kuma akwai wata ja a ciki, ta ankon sunan jikata, wadda kowa ya san tana zuba. Ta zuba kuwa. Farin bayan ya yi shatin ja-ja a wuri uku, an sa omo an sa sabulu, bai fita ba. Wannan ai ko ƴar koyo ta san a jiƙa jan ƙyalle daban a ga ruwansa tukuna.

Kuma tunda na tuna: jikka biyu ta ƙara mini a kan abin da muka yi ciniki, wai kuɗin jiƙo, ba ta faɗa ba sai ranar karɓa. Ga wata kusurwa da ta yi sauri, layukan ɗinkin sun yi nisa da juna fiye da tafin hannu, audugar ta fara dunƙulewa a wurin. Na kira ta, ta ce a kawo ta ƙara layi, sai dai kuran, wato wutar lantarki, na ba su wahala kwanan nan. Ni da idona na ga kekenta na ƙafa ne.

Zan sake ba ta aiki? Ina da atamfofin na biyu a ajiye, kuma ban san wata a garin nan da ke jiƙa auduga ba, saboda haka wataƙila. Amma ƙyallayen ni zan wanke su a gidana kafin in kai, ja daban, shuɗi daban, kuma kuɗin jiƙo a faɗe shi tun ranar ciniki. Bargon amarya yana can wurin maɗinkiyar tun satin da ya wuce, muna jiran kusurwar.