Na feshi ko na ɗigo, in filin babba ne kuma famfo ba ƙarfi?

Wa alaikumus salam Malam. Tsakanin na feshin nan mai juyawa da tiyon ɗigo da kake tambaya don ban ruwan shuke-shuken filin makarantarku, na ɗigo za ka saya, kuma kafin shi ka fara sayen tanki. Tunda ka ce ruwan famfonku da ƙyar yake hawa tankin ban-ɗaki, maganar na feshi ta riga ta ƙare.

Duk mita 10 da ka ɗaga ruwa sama, ƙarfin bar 1 yake ba ka (bar shi ne ma'aunin ƙarfin turin ruwa). Na feshi mai juyawa sai ya samu bar 2 zuwa 3 yake watsawa yadda ya kamata, wato in da tanki kaɗai za ka dogara sai ka ɗora shi mita 20 ko 30 sama. Wace makaranta za ta iya wannan? In ƙarfin ya gaza kuma, tsayawa yake wuri ɗaya yana tsiyayar da ruwa a gindinsa, nan ya zama taɓo, taku kaɗan gaba ƙasa ta bushe ƙamas. Na ɗigo kuwa bar 1 ya wadace shi, har ƙasa da haka ma yana aiki in layukan ba su yi tsawo da yawa ba.

Ni nake kula da shukokin harabar masallacin Juma'ar unguwarmu da filin idin da ke gefensa. Dogonyaro ne da mangwaro da ɗan dabino muka zagaye wurin da su. A da matasa ke ba su ruwa da bokiti, Allah ya saka musu, amma da zarar zafin Maris da Afrilu ya shigo, wanda kowa ya san a Sakkwato yakan haura digiri 40, sai ka ga rabin dashen ya ƙone. Da kwamiti ya samu hali, sai muka ajiye babban tanki a ƙasa, famfo ya riƙa zuba masa ko da siririn ruwa ne, dare da rana, duk sa'ar da ya zo. Ƙaramin injin sola ke tura shi tankin sama mai tsayin mita 6 da rana. Bayan sallar Asuba sai a buɗe bawul.

Wata rana da La'asar, a tsakiyar bazara, wani dattijo daga cikin 'yan kwamiti ya ce shi fa bai ga ruwan da ake cewa ana ba itatuwan nan ba. Na ja shi gindin wani ɗan mangwaro. Daga sama jiƙar ba ta wuce faɗin faifai ba, gefenta ma har ya fara bushewa. Na tona da tsinke, na ce ya sa yatsa. Ya ji ƙasa da danshi, da sanyinta, ya ɗaga kai ya ga sabon toho jajur a saman bishiyar. Sai da ya yi ta hamdala, kuma tun daga ranar shi ke buɗe bawul da kansa in ya fito masallaci.

Na feshin ma muna da su, wani bawan Allah ya kawo sadaka. Suna sito. Ko ranar da suka samu ƙarfin juyawa, iskar hunturu ce ke kwashe ruwan ta kai shi bakin titi.

Sai dai na ɗigo yana son kulawa. Ramukansa ƙanana ne, yashin rijiyar burtsatse ko lakar famfo na toshe su. Dole ka sa matata mai lamba 120 (lambar da ke nuna ƙanƙantar ramukanta) a bakin tanki, a riƙa cire ta ana wankewa da tsohon buroshin haƙori duk mako, lokaci-lokaci kuma a buɗe ƙarshen layuka ruwa ya kore dattin. Babban bututun ka binne shi, kuma ka sayi mai faɗi, don siririn bututu shi ke cinye ɗan ƙarfin da kake da shi kafin ruwa ya kai ƙarshen fili. Ka raba filin kashi-kashi, kowanne da bawul ɗinsa, a buɗe ɗaya in ya sha a rufe a buɗe na gaba. Tunda makaranta ce, ka rufe tiyon da busasshiyar ciyawa saboda rana, da awaki, da yara masu son ja.

In ciyawa kuke so ta rufe filin gaba ɗaya, ku sake shawara. Da zafi, ciyawa na shan milimita 6 zuwa 7 a rana, wato hekta ɗaya lita dubu 60 zuwa 70 kullum. Bishiya 200 kuwa, kowacce da maɗiga biyu masu lita 4 a awa, in ka buɗe awa biyu lita 3,200 ke nan. Mu da damina ba ta wuce Yuni zuwa Satumba, inuwa ta fi mana amfani. In dole ne a yi wurin ƙwallo, ku shuka kiri-kiri a nan kaɗai, ku ba shi na feshi da injin da ke ja daga tankin ƙasa, da dare, kashi ɗaya bayan ɗaya.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu shago. Akwai wanda da ka ce famfo ba ƙarfi zai ɗauko maka busta, wato injin ƙara wa ruwa ƙarfi, ya ce ka jona kai tsaye a layi. Kada ka yarda. Inji ba ya ƙirƙiro ruwan da babu: iska zai ja ya ƙone, ya janye na maƙwabta, in akwai fashewa a layin ma ya zuƙo muku ƙazanta. Wasu kuma su nuna maka lambobin jikin inji, mafi tsayin da yake turawa da mafi yawan ruwan da yake bayarwa, su ce duka biyun za ka samu lokaci ɗaya. Ƙarya ne, in tsayi ya ƙaru yawan ruwan raguwa yake. Akwai mai sayar da inji mai wayar alminiyam da sunan tagulla, da mai liƙa wa faifan sola takardar ƙarfin da bai kai ba, da mai ba ka tiyo mai laushi na kaka ɗaya a farashin mai kauri. Ka je da mai gyaran famfon da ka yarda da shi, ba wanda mai shagon ya haɗa ka da shi ba, a gwada kaya a gabanka, a rubuta maka rasit.

Kafin ka fita kasuwa, ka tara jarka mai lita 20 a famfon ka duba agogo. In ta cika a minti ɗaya, lita 1,200 kake samu a awa. Ka ninka da awannin da ruwan ke zuwa a rana, da wannan za ka san girman tankin da za ka saya da yawan itatuwan da za ku iya riƙewa.